Layi Na Bakwai

A bayan keke-napep suka kawo ta,
ƙarti uku suna nishi kamar masu ɗaukar makara.
Kubura ce a gaba, lema a hannu.
Ta ce, "Shekara talatin tana ƙarƙashin bene a Mushin.
An ce kai kaɗai ne a Agege ba ka cewa a jefar."
Na ce ban yi alkawari ba.

Kusoshi goma sha shida, biyu suka ƙi,
sai da suka kwana a kananzir.
Legas ba ta barin ƙarfe ya tsufa da mutuncinsa.
Iskar teku ta lashe ta ciki da bai,
kyankyasai sun kafa gari har da maƙabarta,
bel ya narke ya koma kwalta,
kwana uku ina cin tuwo da baƙin farce.

Na shiga danfo zuwa Alaba da jerin kaya a aljihu.
Obiefuna ya duba takardar, ya dube ni.
"Waya ma tana yin wannan aikin, Malam Ilu."
Duk da haka ya hau tsani,
ya sauko da gwangwanin madara cike da kafasita
da ba a taɓa ba tun zamanin maigidansa.

Kan da ke karanta sauti ya zaizaye,
tef ya yi masa turba irin ta zuwa rijiya.
Na shimfiɗa samfefa mai laushi kan gilashi,
na ɗiga ruwa, na goga,
na goga,
jirgin ƙasa ya wuce sau huɗu ina gogawa.
Dalma ta ƙone ni a inda ta saba.
Auduga da sifirit, auduga da sifirit,
har auduga ta fita fara.

Faifan ne abin tsoro.
Laima ta manne zaren, in ka ja da gaggawa
murya ta bare ta bar maka leda.
Na saka shi a kwali da ƙwan fitila biyu,
na gasa shi a hankali, zafin jikin mai zazzaɓi.
Tsakar dare aka ɗauke wuta.
Na sayi fetur na mutum da ba na so, a farashin da yake so.

Ranar Talata ta dawo, ana ruwa.
Na zarga zaren, na danna.
Allurai takwas suka farka, ba tare ba,
kamar 'yan ɗaki ɗaya da asuba.

Layi na ɗaya ganga.
Na biyu kalangu, na uku jita mai ɗan santsi,
na huɗu da na biyar mata biyu suna amshi da Yarbanci.
Na shida iska kawai.
Na takwas wani yana ƙirga kiɗa da ƙafa.

Na bakwai goge ne.
Ya ja, ya ja, ya tsaya.
Tari. Ƙarar kujera.
"Dakata, tsirkiya ta saki."
Sai muryar ta juya, ta yi nesa da makirufo:
"Ke Kubura, ɗaga ƙafarki daga kan wayar nan."

Can ƙasa-ƙasa, dariyar yarinya.

Matar da ke gabana ta haura arba'in.
Na ga ta janye ƙafarta ta dama
daga kan simintin da babu komai a kai.

Ta ce, "Kashe sauran."
Na sauke bakwai, na bar ɗaya.
Ruwa yana dukan kwano, mai burodi yana kira a waje.
Ta ce, "Mayar baya."
Na ce tsohon zare ne, kowane wucewa yana ɗan cinsa,
bari in kwafe tukuna.

Ta ce ta ji.
Ta ce, "Mayar baya."